Ɗan Riƙo Ba Jakin Kaya Ba Ne

Wanda ya sauka a tashar mota ta Adjamé, cikin birnin Abijan, kafin ya kai bakin kasuwa zai ga 'yan mata ƙanana da manyan robobi a ka, suna bin masu cefane suna roƙon dako. A ƙetaren ruwa kuwa, a Treichville, wajen unguwar Arras, akwai rumfunan garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi wanda aka san Hausawan Nijar da sayar da shi. A irin waɗannan rumfuna, da wurin masu nama, da cikin gidaje, akan tarar da yara suna aiki a sa'ad da tsaransu suke aji. Da yawansu ba da ƙafarsu suka zo ba. Wani babba ne ya kawo su, sau da yawa kuwa ɗan'uwa ne, da sunan riƙo. Wannan zalunci ne, ko da Kirista ne ya aikata shi.

Masu yin haka suna da hujja. Sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro ya kamata ya koyi aiki. Ba wanda yake ƙin a aiki yaro, ko ya share gida, ko ya taya ubansa noma ran Asabar. Amma gwajin ba wuya. In aikin horo ne, don me mai gida bai sa ɗan cikinsa ba? Don me nasa yake ɗaukar jakar littattafai, ɗan ƙanwarsa kuwa yake ɗaukar buhun gawayi? Horon da ya hana yaro karatu da barci, kuɗinsa kuma yana shiga aljihun wani, sunansa bauta.

Waɗansu kuma sukan ce talauci ne. Talauci kam akwai shi. Amma wanda yake cin ribar gumin yaron ba shi ne matalaucin ba. Kwaddebuwa ita ce ta fi kowace ƙasa noman koko a duniya, duk da haka binciken da Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya tarar da yara wajen miliyan 1.56 suna aiki a gonakin koko na Kwaddebuwa da Gana. Manyan kamfanonin cakulan sun yi alkawari tun 2001 za su kawar da wannan, suka yi ta ɗaga ranar. Zunubin mai rumfa da na kamfani iri ɗaya ne: yaro yana da araha, ba ya kai ƙara.

Wannan arahar ce ma take kai yara yaƙi. Da yaƙi ya ɓarke ran 19 ga Satumba 2002, ƙasar ta rabu biyu, 'yan tawaye da mayaƙan sa-kai masu goyon gwamnati duka sun ɗebi yara. Sai a 2005 da 2006 suka sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan za su sake su. Rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka wajen 3,000. Bayansa sai ga gungun yara da adduna a Abobo da Adjamé suna yi wa mutane ƙwace, har gari ya sa musu suna "microbes", watau ƙwayoyin cuta. Kowa ya la'ance su, kaɗan ne suka tambayi wanda ya fara watsar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yaron da ya saba da duka da yunwa a hannun kawunsa, mai bindiga ba ya shan wahalar rarrashinsa.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2010 Kwaddebuwa ta haramta fataucin yara da sa su aiki mai haɗari. A 2015 ta wajabta makaranta daga shekara 6 zuwa 16. A 2012 kotun duniya da ke Hague ta yanke wa Thomas Lubanga na Kwango ɗaurin shekara 14 saboda ɗibar yara yaƙi. Amma doka ba ta leƙa ɗakin girki. Maƙwabci ne yake gani, da dattijon ikilisiya.

Masu bi sun san labarin Yusufu. Ba baƙi suka sayar da shi ba, 'yan'uwansa ne, a bakin azurfa ashirin. Allah ya kuɓutar da shi, amma wannan bai wanke hannunsu ba.

Saboda haka dattawa su san kowane yaro da ke gidan ɗan ikilisiya, da sunansa da ajinsa. Zumuntar mata ta tambayi yarinyar da take goyon jariri ran Lahadi inda take wuni ran Litinin. A keɓe wani abu daga baiko domin littattafai da kayan makaranta. Iyaye a Maraɗi ko Katsina kada su miƙa ɗa sai sun ji sunan makarantar da zai shiga. Wanda kuwa ya ƙi ji, a tsawata masa, ko da shi ne ya saya wa majami'a kwanon rufi. Gama ranar shari'a ba za a tambaye shi yawan baikonsa ba. Za a tambaye shi ina yaron da aka ba shi amana.