FILIN SANA'A: Mai rubutun allo, ya sayi inji ko ya kai aiki Maraɗi?

Jama'a manoma da makiyaya, filin wannan wata na masu rubutun allo ne. Kowa ya bi gudron da ta ratsa Gidan Rumji ya ga aikinsu. Su ke rubuta allon shago da na lakwal da na gidan likita. Su ke rubuta allon bankin cimaka da na rijiyar furoje. Allon da ke nuna burtali, don kada a nome hanyar dabbobi, shi ma aikinsu ne. Tun da yaƙi da jahilci ya shiga karkara, mai karanta allo ya ƙaru. A shekarar 2025 kuma dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasar Nijar.

A da kayan sana'ar ba su da yawa: buroshi, gwangwanin fenti, tol, da hannu mai kyau. Yanzu masu kawo aiki sun canza. Wani yana son hotonsa a jikin allo. Wani yana son banderol na leda mai launi iri-iri, kuma gobe-gobe yake so. Buroshi ba ya yin hoto. Sai inji.

To, ga inda maganar take. Mai ƙaramin shago yana da hanya biyu. Ko ya karɓi aiki ya aika Maraɗi, inda masu manyan injuna suke, su buga masa ya biya su. Ko ya ci bashi, ko ya sayar da bisashensa, ya sayi injin kansa. Manomi ya san irin wannan shawara. Ita ce ta mai gona da ke tunanin ya sayi shanun huɗa ko ya riƙa ɗaukar haya.

Kai aiki Maraɗi yana da wahalarsa. Tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi kamar kilomita 50 ne. Akwai kuɗin mota. Akwai jira, domin mai inji yana fara sallamar manyan masu aiki kafin ya waiwayi ɗan ƙauye. Riba kuma rabawa ake yi, kaso mai tsoka na mai inji ne. Wata rana ma mai aikin ya gane hanya, ya tafi Maraɗi da kansa, ya bar ɗan garinsu zaune. Shi ya sa ake cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma maganar baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yaran da ke kan kwamfuta a birni sau da yawa da Faransanci suka saba, sai su yar da lanƙwasar. Mai injin hatsi ya ce a rubuta masa "ana daka", wannan daidai ne. Amma in aka so "ɗaki" aka buga "daki", ko aka so "faɗa" aka buga "fada", magana ta sauya. Wanda ya sha wahala ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci ba ya son a ɓata masa baƙi. In an riga an buga a leda, ba a gogewa. Sai a sake, hasarar kuwa ta mai shago ce.

Duk da haka, kafin a sayi inji sai a ɗauki alƙalami. Ga misali. Kuɗin da ke ciki na koyon lissafi ne kawai, kowa ya tambayi farashin yau ya sa a gurbinsu.

A ce mai aiki yana biyan jika 10 a kan banderol guda. In an kai Maraɗi, mai inji ya karɓi jika 6, mota ta ci jika 1. Saura jika 3 a hannun mai shago. In da injin kansa ne, leda da tawada da wuta su ci jika 4. Saura jika 6. Ke nan abin da inji ya ƙara masa a kowane aiki jika 3 ne, ba jika 6 ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

A ce kuma babban injin bugawa ya kai jika 3,000, wato miliyan 3. A raba 3,000 da 3. An sami 1,000. Sai ya yi aiki 1,000 kafin inji ya mai da kuɗinsa. In yana samun aiki 100 a wata, cikin wata 10 ya fita. In aiki 10 yake samu a wata, sai wata 100, wato shekara 8 da wata 4. Kafin nan inji ya tsufa. In da bashi aka saya, mai bashi ba zai jira shekara 8 ba.

Aiki nawa ke shigowa a wata? Wannan ba a cewa da ka. Sai mai shago ya sami littafi ya rubuta kowane aiki, da ranarsa da kuɗinsa, har shekara ta zagayo. Dalili kuwa, aikin allo kamar ruwan gulbi yake, yana da lokacinsa. Da kaka, in an sayar da wake da gujiya, ana buɗe shaguna, aiki ya yi yawa. Da bazara da damina kuɗi na gona. Lokacin zaɓe, kamar na ƙarshen 2020 da farkon 2021, banderol ba ya isa. Wanda ya auna kasuwa da irin wannan wata guda ya yi wa rogo kallon kitse.

Shi babban inji ba kamar garma ba ne, da za a jingine a zaure har wata damina. Kansa yana da ƴan ƙananan ƙofofi da tawada ke fita, sun fi bakin allura ƙanƙanta. In ya kwana biyu bai yi aiki ba, tawada ta bushe a ciki ta toshe su. Ƙurar hunturu ma abokiyar gabarsa ce. Kan inji kuwa yana cikin kayansa mafi tsada. Yawancin injunan daga Sin ake kawo su. Kayan gyara da mai gyara sai an nemo daga Maraɗi ko Kano. Ranar da ya tsaya, aikin mutane ya tsaya, a koma wa masu injin Maraɗi da aka yi wa sallama.

Sai maganar kuran. Wutar jihar Maraɗi ta daɗe tana zuwa daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ledar ta lalace. Mai babban inji dole ya tanadi gurup da mai, wannan ma a sa shi cikin lissafi. Dattawan ƴan kasuwa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya.

Akwai wani inji ƙarami wanda ya fi dacewa da gari kamar Gidan Rumji ko Agye. Shi ne injin yankan baƙaƙe. Ba ya shan tawada. Wata ƴar wuƙa ce ke bin leda mai gam tana yanke baƙi yadda kwamfuta ta umurta. Sai a ɓare a manna a tol, ko gilashi, ko jikin mota. Ana kuma yanka gurbin baƙaƙe da shi, a ɗora a bango a bi da fenti, rubutu ya fito tsaf. Wutar da yake ci kaɗan ce, sola da batir sun riƙe shi. In ya yi wata bai yi aiki ba, a rufe shi da zane, ba abin da zai bushe. A ce shi da tsohuwar kwamfuta sun kai jika 300, yana ƙara jika 2 a kowane aiki. Aiki 150 ke nan. Da aiki 10 a wata, cikin wata 15 ya fita. Wannan adashi ko asusu na iya ɗaukarsa, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ba sai an taɓa saniyar gida ba.

Saboda haka mai shagon da littafinsa bai nuna aiki mai yawa ba, ya bar babban inji wa birni. Ya riƙe buroshinsa, domin fentin mai a kan tol ya fi leda jure ranar ƙasar nan, ita leda launinta na kwaɗewa. Aikin hoto kuwa ya aika Maraɗi, amma da sharaɗi. Ya zaɓi mai inji ɗaya su shirya farashi na dindindin. Ya tara aiki uku ko huɗu ya aika a mota ɗaya. Kafin a buga, a turo masa hoton rubutun ta talho, ya karanta baƙi-baƙi tare da mai aikin. Ya kuma karɓi rabin kuɗi tun farko, don allon da aka rubuta da sunan wani ba ya sayuwa ga wani.

Masu rubutun Shadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa, in sun haɗa littattafansu da na Gidan Rumji suka ga jimlar ta kusa aiki 100 a wata, suna iya zama su yi shawarar inji guda na ƙungiya. Kafin a tara kuɗi, a rubuta a takarda wanda zai riƙe shi, da wanda zai biya gyara, da yadda za a bi layi ranar da aiki ya haɗu.