Wayarka Za Ta Iya Jin Minsharin Baba, Amma Ba Ita Ce Likita Ba

Ni mai aikin dare ne. Yawancin manhajojin da nake rubutawa tsakanin ƙarfe sha biyu zuwa asuba nake yin su, lokacin da unguwa ta yi shiru kuma intanet ta ɗan saki. Wani dare baffana, wanda direban motar haya ne, ya kwana a ɗakina saboda motarsa tana wurin bakanike. Kowa a gidanmu ya san minsharinsa, har tsokanarsa ake yi da shi. Amma a daren nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Zai yi ta minshari, sai kwatsam ya yi tsit. Ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga. Can sai ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya juya, ya ci gaba. Na kalli agogon kwamfuta na ƙirga, wani shirun ya wuce daƙiƙa 20. Na kunna na'urar naɗar sauti ta wayata na ajiye kusa da shi.

Da safe na ce, "Baffa, don Allah ka saurari wannan." Ya saurara, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, gajiyar hanya ce kawai."

Ba gajiya ba ce. Cuta ce da ake kira ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe suna saki. A wurin wasu sakin yana toshe hanyar iska gaba ɗaya, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da mutum don ya ja numfashi, sannan ya koma barci bai ma san ya farka ba. Haka zai yi ta faruwa har gari ya waye. Sakamakon shi ne ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana, yawan fitsarin dare, da hawan jinin da ke ƙin jin magani. Cutar tana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya. A wurin baffana kuwa akwai ƙarin matsala: mutum ne da ke riƙe sitiyari da fasinjoji a bayansa.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Mu matasa masu riƙe da wayoyi mu ne muka fi dacewa mu gano wannan cuta a jikin iyayenmu da yayyenmu, domin mu ne a farke lokacin da suke barci kuma kayan aikin na hannunmu. Amma aikin waya ya tsaya a tattara shaida. Daga nan sai asibiti.

Abin da agogo da manhaja ke iyawa

Da na ba abokaina labari, shawarar farko da na samu ita ce in saya masa agogon zamani. Shawarar tana da tushe. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da fasahar gano alamun wannan cuta a agogon Galaxy Watch na Samsung. A watan Satumba na shekarar ta amince da irinta a Apple Watch, wanda ke bibiyar ƙananan motsin hannu masu nuna tangarɗar numfashi, ya tara bayanan kwana 30 kafin ya yi gargaɗi. Sai dai duka kamfanonin biyu sun faɗa da bakinsu cewa wannan ba gwajin likita ba ne, kuma an tsara su ne don kamo cutar da ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Idan agogonka bai ce komai ba, hakan ba ya nufin kana lafiya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa da haske take aiki, kuma launin fata yana iya shafar sakamakonta. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar tana kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata. Idan haka take ga na'urar asibiti, me kake tsammani daga agogon da ba shi da suna, wanda ke nuna maka kashi 98 ko da a kan tebur ka ajiye shi?

A matsayina na mai rubuta manhaja na san sirrin: duk lambar da ta fito a fuskar waya, wani ne ya zauna ya rubuta yadda za a lissafa ta. Lamba mai kyan gani ba ta nufin an auna daidai.

Abin da waya ta fi amfani a kai mai sauƙi ne. Ka naɗi sautin barcin na dare biyu ko uku, da izinin mai barcin. Idan da hali ka ɗauki gajeren bidiyo lokacin da numfashin ya tsaya. Ka rubuta ko yana gyangyaɗi da rana, da magungunan da yake sha. Ka nemi tambayoyin nan guda takwas da ake kira STOP-BANG, waɗanda ke duba minshari, gajiya, tsayawar numfashi, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya da jinsi. Ka kwashi wannan duka ka kai wa likita. Babban asibiti ko asibitin koyarwa za ka nufa, ka nemi ɓangaren ƙirji da huhu, ko na kunne, hanci da maƙogwaro.

Gwajin gaskiya iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke kwana a asibiti a jona masa wayoyi masu auna ƙwaƙwalwa, zuciya, numfashi da oksijin. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake ba ka ka kwana da ita a gida. A ƙarshe za a ba ka lamba mai suna AHI, wato sau nawa numfashinka ke tsayawa ko raguwa na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin awa ɗaya. Ƙasa da 5 lafiya lau, 5 zuwa 15 mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 mai tsanani. Ta baffana ta haura 30. Ranar bai yi dariya ba.

CPAP ba kayan gwanjo ba ce

Babban maganin cutar shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro a 1980. Ba oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take turawa ta tiyo zuwa takunkumin da aka sa a hanci, ƙarfin iskar ya hana maƙogwaro rufewa.

A nan ne 'yan uwana masu son na'urori ke yin kuskure na biyu. Sai ka ga an tallata ta hannu a intanet da araha, mutum ya saya ya kalli bidiyo a YouTube ya fara danne-danne. Ƙarfin iskar yawanci tsakanin 4 ne zuwa 20 a ma'auninta, kuma kowa da nasa. Idan ya yi kaɗan, maƙogwaro zai ci gaba da rufewa. Idan ya yi yawa, iska za ta cika ciki, barci ya gagara. Sannan akwai wani nau'in cutar da matsalar ba toshewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ke daina aika umarnin numfashi, kuma wannan nau'in yana iya buƙatar wata na'ura daban. Gwaji ne kaɗai ke bambance su.

Ga wani dalili. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa daga kasuwa, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson da ke rage ƙarar injin yana ruɓewa, mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa. Zafi da danshi suna ƙara saurin ruɓewar. Ka tuna zafin watan Afrilu a ƙasarmu, sannan ka tambayi kanka tarihin na'urar da wani ke tallata maka ba kwali ba takarda.

Na san abin da wasu za su ce: gwaji kuɗi, na'ura kuɗi, ga rashin wuta. Gaskiya ne, mu ma sai da dangi suka yi karo-karo. Amma kuɗin da aka kashe a na'urar da ba a san ko ta dace ba shi ne asarar. Ga wanda cutarsa ba ta yi tsanani ba, likita na iya ba da shawarar rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, ko wata roba da likitan haƙori ke yi wa baki. Kuma kowa zai iya guje wa ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, domin suna ƙara sakin maƙogwaro.

Inda iliminmu ke da amfani

Bayan likita ya rubuta na'ura ya saita ta, a nan ne ɗan fasaha zai nuna kansa. Ka duba adaftar ka lissafa ko inbata ko batirin solarku zai riƙe ta har asuba. Sashen da ke ɗumama ruwa shi ne ya fi cin wuta, ana iya kashe shi idan batir ya yi ƙasa. Lokacin hunturu ƙura na toshe filta da wuri, sai a riƙa dubawa. Takunkumi kuma kamar takalmi yake, akwai mai zama a ƙofar hanci, akwai mai rufe hanci, akwai mai rufe hanci da baki. Idan wani ya dame shi a canza wani, kada a jefar da na'urar a ƙarƙashin gado. Makonnin farko su ne masu wuya, don haka baffana ya fara da sa shi da rana yana sauraron rediyo har ya saba.

Yawancin na'urorin suna ajiye bayanai a katin memori. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna OSCAR da ke karanta katin ta nuna awannin da aka yi amfani da na'urar, yoyon iska da AHI na kowane dare. Ina buga wa baffana rahoton ya tafi da shi ranar ganin likita. Saitin kuwa ban taɓa canza shi da kaina ba, duk da na san inda maɓallin yake.

Idan akwai mai minshari a gidanku da ke yin shiru a tsakiya, daren yau ka nemi izininsa ka ajiye wayarka kusa da shi. Idan kuma direba ne, ka roƙe shi ya daina tuƙi da gyangyaɗi tun kafin ranar ganin likita ta zo.