LAFIYAR NGURU DA GASHUWA DAGA BAKIN KOGI TAKE FARAWA

Duk wanda ya san ƙasar Nguru da ta Bade ya san abubuwa biyu da suka addabi jama'arta, watau ciwon ƙoda da ciyawar kacala. An saba ɗaukar na farko aikin likita, na biyu kuwa aikin malamin gona. Lalle wannan rarrabewa kuskure ce, domin ruwan da talaka ke sha da gonar da ke ciyar da shi su ne tushen lafiyarsa.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Hadeja ta sauya. Ambaliyar damina ta ragu, wasu hanyoyin kuwa suka daina ƙafewa da rani, kacala ta samu wurin zama. Ta toshe magudanu, ruwa ya karkata ta Marma ya cinye gonaki a wajen Nguru, alhali wanda ke gangarawa Gashuwa ya yi ƙaranci. A cikinta sauro ke hayayyafa, da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, da jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Ashe ke nan zazzaɓi da yunwa daga ƙofa ɗaya suke shigowa.

Game da ciwon ƙoda kuwa, Gwamnatin Jihar Yobe ta cancanci yabo bisa wankin ƙoda kyauta a Asibitin Koyarwa na Damaturu, da kuma ɗora wa masanan Jami'ar Jihar aikin binciko musabbabin yawaitarsa. Amma fa mai wankin ƙoda yakan bukaci na'ura sau 2 ko 3 a mako, kuɗin mota da na abinci kuwa suna wuyan iyalinsa. Gidan da ya sayar da bisashensa don jinya ya shiga talauci, talauci kuma shi ke renon wata cutar.

Akwai darasi a wasu ƙasashe. A El Salbado da Nikaraguwa, inda ciwon ƙoda ya yi wa masu saran rake ɓarna, an ga amfanin tanadar musu ruwan sha da inuwa da hutu a bakin aiki. A Siri Lanka an kafa wa ƙauyukan manoma injinan tace ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi a ɗakin asibiti.

Saboda haka wajibi ne a farfaɗo da aikin gayya. Ƙauyukan fadama sun sha fita da lauje da kwale-kwale suna sheme kacala. Abin da ya rage shi ne sarakuna da hakimai su tsayar da lokaci guda, don kada ƙauye ɗaya ya buɗe hanya na gaba ya bar tasa a toshe. Ma'aikatan lafiya su riƙa awon hawan jini da ciwon suga a ranakun kasuwa, tun da su ne manyan masu lalata ƙoda. Limamai da ƙungiyoyin mata su yi gargaɗi kan yawan shan maganin ciwon jiki barkatai, da zuba ruwan sha a mazubin maganin feshi. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta auna rijiyoyin unguwanni, ta kuma bayyana sakamako cikin harshen da jama'a ke ji.

Har ila yau, jihohi 6 da suka kafa asusun kula da kogunan Hadeja da Jama'are da Komadugu Yobe a 2006 su sa manoma da masunta da makiyaya cikin shawarar lokacin sakin ruwa daga madatsu, gama su ne ke kwana da sakamakonsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba shugabanni kunnen sauraro.