AKURKI KAFIN KAZA

'Yan kasuwa da dillalai na Gusau da Tsafe da Bungudu, mu masu awon hatsi akwai abin da muke gani bakin rumfunanmu wanda ya kamata mu faɗa. Mutanen da 'yan bindiga sunka kora daga ƙauyuka, anka kwashe shanunsu, da yawa sun koma kiwon kaji bayan ɗaki. Da su da ma'aikata da matan aure, kullum suna zuwa sayen dusa da tsaki. Bayan wata biyu sai ka daina ganin mutum. In kun gamu ka tambaya, sai shi ce: "Alhaji, ai sun ƙare."

Ra'ayinmu guda ne: wanda bai gina akurki ba, kada shi sayi kaza. Jarin talaka ba ya jure faɗuwa biyu.

A zaɓi tudu inda ruwan damina ba ya kwanciya, nesa da ɗakin kwana da madafa. Kaji goma, a ba su kamu huɗu tsawo, kamu huɗu faɗi. A ɗaga daɓe, a toshe kowane rami saboda gafiya da maciji. Taga a sa mata ragar waya mai ƙananan ido, kada ta fuskanci gabas maso arewa, don ta nan iskar hunturu ke bugowa. In rufin kwano ne, a shimfiɗa zana ko karan dawa bisa, in ba haka ba zafin bazara shi gasa su. Ƙasa a zuba ɓuntun shinkafa, in ya jiƙe a kwashe a kai gona, taki ne. A gitta sanda don kwana, a ajiye toka su yi birgima saboda ƙuma. Ƙofa mai sakata, a rufe da magariba, muzuru ba ya fashi. 'Yan tsaki kuwa a kifa musu kwando da rana, shirwa na bisa tana kallo.

Amma ɓarawon da ya fi muzuru ɓarna shi ne wanda mutum ke sayowa da kuɗinsa. Annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ta fi tashi da hunturu, kuma kasuwa ce hanyarta. Kaza ɗaya mai gyangyaɗi da koren zawo da murɗewar wuya ta isa ta share gida. Don haka sabuwar kaza a keɓe ta mako biyu kafin a gama ta da sauran. Allah ya sa akwai rigakafi: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido. A tambayi ma'aikacin dabbobi tun kaka. Kuma ba mu manta murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ta sake dawowa a 2015. Kaza in ta mutu ba dalili, a haƙa rami a binne, kada yara su taɓa.

To, saura mu. Dillali, in ka ga kaza ta saki fukafukai, kada ka karya kuɗinta ka liƙa wa baƙo. Mu kuma masu hatsi, masarar da ta sha laima ta yi funfuna, mu daina cewa "ai ta kaji ce". Gubar da ke cikinta tana lalata hantar kaza, tana rage ƙwai. Ribar kwano biyu munka ci, mun kashe cinikin shekara. Wanda kajinsa sunka rayu, shi ne zai dawo gobe da buhu.

Saboda haka duk wanda ya zo awon dusa karo na farko, kafin mu ɗauki tiya mu tambaye shi: "Malam, ka gina musu wurin kwana?" In ya ce a'a, mu ce shi je shi gina, dusa na nan tana jiransa.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka.