Raddi ga masu neman lahira a faɗin sararin samaniya

Wata magana ta fara zagayawa tsakanin masu karatun kimiyya: wai idan sararin samaniya ba shi da iyaka, ƙwayoyin zarra za su sake haɗuwa a wani wuri su ba da mutum irinka sak, har da abin da kake tunawa. Saboda haka, in ji su, akwai rayuwa bayan mutuwa ba tare da ruhi ko tashin alƙiyama ba. Suna kafa hujja da Max Tegmark, wanda a 2003 ya ƙiyasta nisan da za a yi kafin a tarar da kwafinka, da kuma ƙa'idar maimaituwa ta Henri Poincaré ta 1890.

Suka ce sarari ba shi da iyaka. Muka ce wa ya auna? Iyakar abin da ake iya hangowa faɗinsa kimanin tafiyar haske ta shekara biliyan 93 ne. Tauraron ɗan'adam na Planck ya nuna sararin a shimfiɗe yake, ko dab da haka, amma shimfiɗa ba ta tabbatar da rashin iyaka. Zato aka mayar tushe.

Suka ce abin da ba ya ƙarewa dole ya ƙunshi komai. Wannan kuskuren lissafi ne. Jera 2, 4, 6, 8 har abada, ba za su ƙare ba, kuma 7 ba za ta taɓa fitowa ba. Shi ma Poincaré sharaɗi ya gindaya: wuri rufaffe mai iyakantaccen girma. Namu sararin kuwa buɗewa yake yi, kuma tun 1998 aka gano saurinsa na ƙaruwa.

To, a bar musu waɗannan biyun kyauta. Kwafin nan, kai ne? Ranar da Hassan ya rasu, ba mai cewa uwarsa ta share hawaye don ga Hussaini nan, fuska ɗaya, murya ɗaya. A lissafin Tegmark ma kwafin yana can yanzu, kana da ranka. Haƙorinsa na ciwo, kai ba ka ji; yana cin abinci, kai ba ka ƙoshi. Idan yau babu abin da ya haɗa ku, me zai ɗauke ka ya kai ka jikinsa ranar da aka rufe ka da ƙasa? Ko haske ba zai taɓa isowa daga can ba. Kuma kwafin ba ɗaya ba ne, ba su ƙirguwa: wani na cikin daula, wani na cikin azaba. Wanne ne kai? Lucretius na Rum ya rigaya ya amsa, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, cewa ko zamani ya sake tattara sassan jikinmu, bai shafe mu ba, tunda zaren sanin kai ya tsinke.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka zalunta. Wannan lahirar ba ta da hisabi, azzalumi za a maimaita tare da zaluncinsa. Hujjarsu, ko ta tabbata, yawan masu kama da juna kawai ta nuna. Ba ta tayar da mamaci ko ɗaya ba.