Wasan Kwamfuta Da Ya Zauna Bakin Tebur

A watan Maris na 2013, a birnin San Faransisko na Amurka, alƙalan bikin wasannin kwamfuta masu zaman kansu, wato IGF, suka miƙa babbar kyautarsu ta dala 30,000 ga wani wasa mai suna Cart Life. Babu bindiga a cikinsa, babu tseren mota, ko launi ma babu, baƙi ne da fari kamar tsohon talabijin. Richard Hofmeier ne ya ƙera shi, ba da ɗaurin gindin wani babban kamfani ba, kuma aikin da ya ɗora wa mai wasa shi ne ya zama ɗan tebur.

Mutum uku ake zaɓa daga cikinsu. Akwai Andrus, baƙo daga Yukren, mai sayar da jaridu, wanda ke haya a wani ƙaramin masauki shi da kyanwarsa. Akwai Melanie mai sayar da kofi, wadda aurenta ya mutu, kuma sai ta nuna wa alƙali tana da abin hannu kafin a bar mata riƙon ɗiyarta. Na ukun shi ne Vinny, mai sayar da wani irin burodi. Ko wanne aka ɗauka, sai an nemi takardar izini a ofis, an sayi kaya, an yanka farashi, an ƙirga canji da ka, alhali mai saye na tsaye yana ƙosawa. Agogo na gudu, yunwa da barci na cin mutum, ranar biyan haya na matsowa. In Melanie ta tsaya sayar da kofi ɗaya na ƙarshe, sai ta makara wajen ɗauko yarinya daga makaranta.

Masu kushe wasan suna cewa ya cika gajiyarwa, wai shi wasa don nishaɗi ake yin sa. Gajiyar kuwa ita ce dukan hujjarsa. Masanin tattalin arziki yana zana riba da faɗuwa a kan allo cikin layi biyu, ya tashi ya tafi cin abinci. Abin da allon ba ya iya ɗauka shi ne yadda awa ɗaya da aka ɓata a layin ofis take zama cinikin safiya da ya wuce har abada, da yadda kuɗin mota ke cinye ribar jarida goma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Hofmeier ya tilasta wa wanda bai taɓa kwana a ɗakin ba ya kwana. Ma'aikacin da ke buga hatimi a bayan taga zai amfana da awa biyu na wannan wasa fiye da taron ƙara wa juna sani na mako guda.

Sai dai wasan da ke koyar da tattalin arziki shi ma kasuwa yake shiga, kasuwa kuwa ba ta da kunya. A 1904 Elizabeth Magie ta yi rajistar wasanta The Landlord's Game, bisa ra'ayin Henry George, don ta tona asirin masu tara filaye suna tatsar ƴan haya. A 1935 kamfanin Parker Brothers ya fito da jikansa, Monopoly, inda gwani shi ne wanda ya talauta kowa. Reshe ya juye da mujiya.

Hofmeier ya bi wata hanyar. A wurin bikin na 2013 ya fesa fenti a kan allon rumfarsa, ya rubuta sunan wasan wata marubuciya, Howling Dogs na Porpentine, don jama'a su duba nata. A 2014 kuma ya janye Cart Life daga kasuwar Steam, ya saki asalin rubutunsa kyauta, duk mai so ya ɗauka ya gyara. Ɗan kasuwa zai ce wauta ce a rufe shago ranar da ciniki ya buɗe, kuma ta fuskar lissafi yana da gaskiya. Amma Hofmeier yana da zaɓin rufewa. Andrus, da kwanan hayarsa ya cika, dole ya fito da asuba ya kwance ɗaurin jaridu.