Gani Ya Kori Ji

'Yan'uwa ɗalibai, Turawa kan ɓoye 'yan kayayyaki a daji, su bi sawunsu da wayar hannu don nishaɗi. Mu kuwa taskarmu a sarari take, ba mu nema. A Wurno hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837. A Rabah aka haifi Sardauna. A Goronyo aka datse gulbin Rima. Kamata ya yi ƙungiyarmu ta ɗauki mota, mu tafi sannu sannu, mu sauka mu taka fadamun shinkafa, mu saurari dattawa. Sai dai 'yan bindiga, irin waɗanda suka far wa kasuwar Goronyo a 2021, sun tsorata matafiya. Lalle ne hukuma ta tsare hanya. Wanda bai san ƙasarsa ba, yaya zai bauta mata?